Malome Ne Zai Yi Magana a Ƙarshe

Ranar da jakunan Malome Gaborekwe suka kifar da shi daga amalanke ya karye a cinya, Allah ya sani mun yi masa addu'a. Sai da muka tabbatar ba mutuwa zai yi ba, sannan muka zaga bayan ɗaki muka yi dariya har da hawaye. Wan mahaifiyarmu ne, shi ya sa muke ce masa Malome, wato kawu, kuma muna son sa. Amma shekara da shekaru ƙungiyar waƙar ƙauyenmu Morulane ba ta isa ta ja numfashi ba sai usur ɗinsa ya ba ta izini.

Kirsimeti ta kusa, an gama shuka, 'yan birni sun fara dawowa da jakunkunansu. Kowa ya san abin da ke jiran mu: mu a wannan gefen fili, mawaƙan Sebilong, ƙauyen maƙwabtanmu, a wancan, su rera su zage mu, mu rera mu rama, tun hantsi har rana ta faɗi. Ƙungiyar da 'yan kallo suka watse daga gabanta ita ta sha ƙasa, kuma gori za ta yi ta sha a bakin rijiya har wata Kirsimetin.

Ba zan rage wa Malome haƙƙinsa ba. A zamaninsa ba a makara, ba a musu, ba a zuwa da warin giya. Shi ke zaɓen waƙa, shi ke faɗin inda kowa zai tsaya, shi ke zaɓen anko. Akwai shekarar da ya sayo mana yadi ruwan ɗorawa, muka fito reras kamar kabewa a gona, ba wadda ta ce uffan. Kuma mun sha cin Sebilong, wannan ma gaskiya ne.

Amma shi ne ya kori ƙanwata Segametsi.

Shekara uku ke nan. Muna tsakiyar fili, mai ba da waƙa ta manta baiti na biyu, ƙungiya ta yi tsit, 'yan Sebilong har sun fara ihu. Sai Segametsi daga layin tsakiya ta ɗaga murya da wata waƙa tata da take yi a bakin turmi, ta awakin Sebilong da suka shigo mana gona suka cinye kankana, mazan garin suka zo kora, suka zauna suka cinye sauran. Fili ya ɗauka. 'Yan kallo suka rugo gabanmu, har da tsofaffin Sebilong suna dariya suna zagin 'ya'yansu. Mun ci ranar, ci mai kyau. Ana cikin dakan nama don liyafa, Malome ya kira ta gaban mutane.

"Wa ya ba ki izini?"

"Malome, shiru ne ya yi yawa."

"Shirun nawa ne ko naki? Cire ankon nan. Ƙungiya mai baki biyu ba ƙungiya ba ce."

Tun daga nan duk Kirsimeti cikin 'yan kallo take tsayawa da laimarta. Abin da ya fi ƙona min rai, ko a bakin turmi ta daina waƙa, sai ka ji taɓarya kawai tana sauka. Na yi wa Malome rashin kunya iya ƙarfina, ko gezau. Don haka da motar asibiti ta tafi da shi, abu ɗaya na sa a gaba: bana sai na ga Segametsi a cikin layi.

A zaman farko a gindin danyar da muke koyon waƙa, Rra Kebonang ne ya miƙe. Rra da Mma su ne yadda muke girmama namiji da mace. Tsohon soja ne, shi ne uban masu kaurin murya, kuma in Malome ya ce rana baƙa ce zai rantse ya gani da idonsa. Ya ce ba abin da za a tattauna, mai ƙungiya yana da ɗa, ɗan ya riƙe usur har uban ya dawo. Ba wanda ya ja. Kafin shayi ya huce an rataya wa Otsile usur a wuya, ba faɗa ba hayaniya, har na ce a raina gado ma yana da daɗinsa.

Otsile taubashina ne, tun muna yara nake kwashe masa nama a kwano. Washegari na same shi yana gyaran shinge.

"Ranka ya daɗe, sarkin da bai iya waƙa ba."

"Keneilwe, don Allah ki bar ni. Ni usur ɗin nan ko barci ba ya bari na yi."

"To zo in sauke maka rabin nauyin. Segametsi ta dawo."

"Yo me zai hana? Ai 'yar'uwata ce. Ta dawo mana."

"Ka rantse?"

"Na rantse da kwanon naman da kika cinye min."

Na tafi gida ina rawa a hanya. Ashe ina juya baya Rra Kebonang ya iso, ya ce maganar Malome ba ta tashi don ƙafarsa ta karye. Otsile ya ce wannan gaskiya ne, me zai sa ta tashi. Masu son jan anko ya ce musu to, masu son shuɗi ya ce musu to. Ranar koyon waƙa muka hallara, kowa da alkawarinsa a baki, sai aka ce sarki ya tafi neman jakin da ya ɓata. Jakin kuwa yana ɗaure a ƙofar gidansu yana kallon mu.

Nan Mma Boikanyo ta samu ƙofa. Malamar makaranta ce, ta yi zaman birni, in tana magana sai ka ji kamar rediyo aka kunna. Ta ce abin kunya ne, ƙasa guda tana zaɓen shugabanninta, amma mu muna nan muna gadon usur kamar gadon akuya. Ta ce a yi zaɓe. Ita za ta tsaya, kuma in ta ci Segametsi za ta dawo. Rra Kebonang ya ce shi ma zai tsaya, don a riƙe wa mai ƙungiya amanarsa.

Na soya fanke cike da bokiti na bi gida-gida, ba zan ɓoye ba. Shi ma Kebonang ya yi wa mazan da suka yi masa alkawari hidima da ƙwarya, ban ce ga abin da ke cikin ƙwaryar ba. Ranar zaɓe aka ajiye gwangwani biyu a bayan danya, aka ba kowa ƙwallon danya guda, ka zaga kai kaɗai ka jefa inda ranka ya so. Abin ya burge ni ƙwarai. Matan da ban taɓa jin sun ɗaga murya a gaban namiji ba suka riƙa fitowa daga bayan bishiya suna gyara ɗankwali, suna murmushi su kaɗai.

Aka zazzage gwangwanaye a kan zani. Mun ci, amma da ƙyar. Kebonang ya daɗe yana kallon ɗan tarinsa, sannan ya juya ya kalli matarsa. Ita kuwa ta duƙufa tana cire ƙaya a tafin ƙafarta.

Sai da na yi ta lallashi kafin Segametsi ta yarda ta biyo ni. Ta tsaya a layi kusa da ni. Mma Boikanyo ta ɗaga hannu, muka fara. Ba mu yi nisa ba na ji waƙar ba ta da gindi. Na waiwaya, sai ga mazanmu kwance a inuwa, kowa ya rufe fuska da hula. Kaf masu kaurin murya na Kebonang ne.

"Rra Kebonang, ai an yi zaɓe," in ji Malama.

"An yi, Mma. Mun kuma taya ku murna."

"To ku tashi mana. Masu rinjaye sun yanke hukunci."

"Masu rinjaye su yi waƙar. Mu marasa rinjaye za mu tafa muku."

Muka sake gwadawa mu kaɗai. Kai, abin ba daɗin ji, sai ka ce sauro ne suka kira taro. Wani makiyayin Sebilong da ke wucewa ya tsaya ya saurara, ya cire hula ya ce Allah ya ba mu haƙuri, wa ya rasu? Ban san lokacin da na cire takalmi na jefe shi ba. Kafin in dawo da takalmin, Segametsi ta ɗauki laimarta.

"Ina za ki?"

"Gida, Yaya. Ba zan zama sanadin rushewar ƙungiya ba. A bar shi kawai."

Ta tafi ba ta waiwayo ba. Ranar na yi kuka don baƙin ciki, na kuma zagi zaɓe da wanda ya ƙirƙiro shi.

A zama na gaba Rra Kebonang ya ɓullo da tsohon takalminsa na soja, usur a wuyansa. Ya je har gida ya karɓe daga hannun Otsile, wanda aka ce har godiya ya yi masa. Ya ce daga yau an rushe zaɓe, an rushe musu, kowa ya shiga layi. Muka shiga, don muryarsa kaɗai ta isa ta sa akuya ta haihu ba shiri. Ya sa mu zagaye fili muna buga ƙafa, hagu dama, hagu dama, har da tsofaffi masu ciwon gwiwa. Layi kam bai taɓa miƙewa irin na ranar ba, sai dai ba a rera ko baiti ɗaya ba. Mulkin nasa bai kai la'asar ba. Matarsa ta leƙo ta ce shanunsa sun faɗa gonar maƙwabci, ya ruga da gudu, mu kuma kowa ta kama hanyar tukunyarta.

A cikin wannan hali aka sallamo Malome. Aka kawo shi kwance a amalanke, ƙafa a naɗe fara fat kamar taɓarya sabuwar sassaƙa. Kafin a sauke shi an riga an kwashe komai an faɗa masa. Ina tsakar gida lokacin, na kawo masa tuwon dawa.

"Zaɓe? A ƙungiyata? Da ƙwallon danya?" Jijiyar wuyansa ta miƙe. "Otsile! Je ka faɗa musu gobe da safe kowa ya hallara."

"A gindin danya, Baba?"

"Wace danya? A kgotla, dandalin zaman mai unguwa! Ina so unguwa duka ta zo ta gani. Malamar nan zan fara kora, sannan wannan mai fanken."

Ni ce mai fanken. Na ajiye masa tuwonsa na ce Allah ya ƙara sauƙi. Da na isa gida Segametsi ta ce ba inda za ta, an kore ta sau ɗaya, ba sai ta je kallon korar wasu ba. Na ce ko a kafaɗa ne sai na ɗauke ta, in za a kore ni a kore ni a gaban 'yar'uwata.

Da safe kgotla ta cika. Maza sun sako kwat ɗinsu duk da zafi, sun jeru a kan gajerun kujeru a jikin shingen itace. Mu mata muka zauna a ƙasa, ƙafafu a miƙe, kowa da mayafi a kafaɗa. Har waɗanda ba su taɓa waƙa ba sun zo, don labari ya bazu cewa yau akwai kallo. Aka ɗauko Malome da kujerarsa aka dasa shi a tsakiya, kusa da mai unguwa Rra Seabelo, aka ɗora masa ƙafar a kan turmi.

Aka yi addu'a. Ana cewa amin Malome ya gyara murya, ya ɗaga yatsa ya nuna Mma Boikanyo. Bai kai ga furta kalma ba Rra Seabelo ya ɗora masa hannu a gwiwa mai lafiyar.

"Rra, kai ka kira zaman nan, ko ba haka ba?"

"Ni na kira."

"To kai ne kan zama. Ka fi ni sanin wurin nan. Sai kowa ya faɗi nasa, kai ka rufe."

Da kun ga fuskar Malome! A gindin danya shi ne farko shi ne ƙarshe. Amma fushi ya ɗebe shi ya kawo maganarsa inda babba ba ya buɗe baki sai ƙarami ya gama, inda ba a katse mai magana ko da kai yake zaga. Kuma duk Morulane ba wanda ya kai shi ƙin a taka doka. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sauke yatsan a hankali ya sosa gemu da shi, kamar dama abin da ya ɗaga shi ya yi ke nan.

Da fari ba wanda ya motsa. Sai wani dattijo da ba ya cikin ƙungiyar ma ya miƙe, ya cire hula, ya ce shi maganar waƙa ta tuna masa da wani bijiminsa. Ya ɗauko bijimin tun daga haihuwa. Muka bi shi kiwo, muka bi shi fari, muka bi shi har ranar da kura ta kusa cinye shi. Inuwa ta matsa, muka matsa. Mma Boikanyo ta raɗa min a kunne:

"Kin ga abin naku na gargajiya? Da ƙwallo aka jefa da tuni mun gama."

"Mun jefa ai, Mma. Mun gama har da mazan."

Amma bijimin ya yi mana rana, don kafin a binne shi tsoro ya sake mutane. Malama ta tashi ta ce mutum ɗaya, komai iyawarsa, in ya yi kuskure ba mai gyara masa, sai a yi ta sa ankon kabewa ana murmushi. Kebonang ya tashi ya ce ita kuma ƙuri'arta ta iya ƙirga kawuna amma ba ta san wace murya ke ɗauke da waƙa ba. Ta sake neman izini ta ce ai gara ƙuri'a da hagu dama. Wuri ya fashe da dariya, har shi Kebonang ɗin.

Matarsa ta durƙusa a kan gwiwa, ba ta ɗago kai ba. "Ni dai ƙwallona a gwangwanin Malama na jefa. Na faɗa a nan don kada a tambaye ni a gida." Maza suka yi ta bubbuga wa Kebonang baya, shi kuma yana ta gyara wuyan kwat.

Otsile ya miƙe yana murza hula. "Baba, ni ban iya waƙa ba. Tun ina yaro baki kawai nake motsawa. Kuma tsoronka nake ji. Shi ke nan." Ya zauna da sauri kamar wanda aka tura.

Da nawa ya zo ban rage komai ba. Na ce ya kori yarinya saboda ta fitar da shi kunya, na ce ya kashe mata murya a gidan ubanta, na ce shekara uku ina kwana da haushinsa. Sai da na kai ƙarshe. Malome ya kafe ni da ido, haƙoransa a cije. Wata tsohuwa kuma ta ce a yi masa adalci, shi ya koya mata fitar da murya daga ciki ba daga hanci ba, kuma lokacin da mijinta ya rasu shi ya kwaso ƙungiya a ƙafa suka zo suka rera mata. Wani ya ce haka ne. Wani ya ce haka ne, amma. Haka aka yi ta yi, a yabe shi a fige shi, shi kuwa yana zaune da ƙafa a kan turmi yana haɗiya. Tun yana huci har ya daina. Can na ga ya sunkuyar da kai yana sauraro da gaske, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Rana ta karkata, yunwa ta fara sa yara kuka. Rra Seabelo ya dubi jama'a.

"Akwai wanda bai faɗi nasa ba? Kada a je gida a ce an danne wani."

Ba wanda ya kira suna, amma duk idanu suka koma wuri ɗaya. Na zungure ta da gwiwar hannu. Ta maƙe. Na sake zungurar ta da ƙarfi. Segametsi ta miƙe tana riƙe da bakin mayafinta.

"Bagolo, iyayena, ni ban iya magana ba."

Har na zaci za ta zauna. Sai ta rufe ido. Muryar ta fito a shaƙe da fari, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Awakin Sebilong sun zo mana gaisuwa,
ba su sha ruwa ba, kankana suka tambaya."

Kebonang ya zabura. "Rra Seabelo, a kgotla? Waƙa?"

"Lokacinta ne, bakinta ne. Zauna, Rra."

Ta ci gaba, muryar tana washewa tana hawa. Da ta kai inda mazan Sebilong suka zo da sanduna suna cewa kai, kai, wannan ɓarna har ina, mu mata muka amsa daga zaune, ba wanda ya ba mu izini, ba kuma wanda ya hana. Saura wurin maza, inda masu kora ke zama su fasa kankanar farko. Wurin ya zo ya wuce fanko. Ta sake zagayowa. Ina kallon Kebonang, ya harɗe hannu a ƙirji, ya cije leɓe, ƙafarsa kuwa tana buga ƙasa ba da saninsa ba. A zagaye na uku wani gurnani ya fito daga cikinsa, shi kansa ya waiwaya kamar yana neman mai shi. Ai kuwa sauran suka rufa masa baya. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin cinyoyinmu. Tsofaffi suka miƙe suna guɗa, mai bijimi yana juyi da sandarsa, Otsile yana motsa baki da iya ƙarfinsa. Daɗi ya cika min ciki har na rasa inda zan sa kaina.

Da waƙar ta sauka, wuri ya yi tsit. Segametsi ta tsaya tana haki. Rra Seabelo ya ɗauke hannunsa daga gwiwar Malome.

"Rra, saura kai."

Malome ya gyara zama.

"Na ji ku," ya ce. "Na ji ni azzalumi ne. Na ji ɗana bai iya waƙa ba, wannan kam na daɗe da sani. Na ji labarin bijimi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. "To ga abin da na ji kgotla ta ce. A fili usur yana wuyana, don ba a zagawa bayan bishiya a tsakiyar baiti. Anko kuwa ku je ku yi ta jefe-jefenku, ko tsirara kuka zaɓa ku ta shafa. Kora kuma, in zan sake korar wani sai an zo nan an zauna. Ni kuwa na rantse ba zan sake yini a kan kujerar nan ba, don haka kowa ya kwantar da hankalinsa."

"Pula!" in ji wani daga baya, wato ruwan sama, kalmar amincewa a wurinmu, jama'a suka amsa. Ni ban amsa ba, don bai faɗi abin da na zo ji ba. Segametsi tana nan tsaye, ba wanda ya ce ta zauna.

Malome ya juya ga maza. "Kebonang, kun shigo a makare. Sau biyu yarinya tana buɗe muku ƙofa kuna tsaye kamar shanu a bakin ramin wankan magani." Sannan ya dube ta. "Ke kuma kina jan numfashi a inda bai kamata ba. Me kike yi a can cikin mutane? Dawo nan gaba inda za su ji ki."

Ta tako a hankali, tana tsallake ƙafafun mata, kowa na shafa mata zani tana wucewa. Ta tsaya a gabansa.

"Wacce zan ɗauko, Malome?"

"Au, kina da wata ne bayan ta awakin?"

"Suna da yawa. Duk shekarun nan ina yin su, a zuci dai."

Malome ya kau da kai. Ya sa bayan hannu ya goge ido, ya ce hayaƙin wani ne ke damun sa, alhali ba wanda ya hura wuta.

"To me kike jira?" ya ce. "Fara daga ta farko. Rana ba ta faɗi ba tukuna."